Mace Ɗaya, Mata Huɗu: Matsayin Aure Tsakanin Addini, Al'ada da Dokar Gwamnati

1. GABATARWA

Aure yana daga cikin al'amuran da kowa yake ganin ya san su ciki da bai, har sai ranar da aka kai shi gaban alƙali, ko kuwa aka miƙo masa takardar ofis aka ce ya rubuta sunan iyalinsa. A ran nan ne tambayoyi uku sukan taso, waɗanda sau da yawa akan cakuɗa su wuri guda. Ta farko, mutum nawa ne igiyar aure za ta iya ɗaurewa? Ta biyu, su wane ne ya halatta su auri juna? Ta uku, wa yake da ikon yanke wannan magana, malami ne, ko dattijon dangi, ko kuwa gwamnati? Maƙasudin wannan lacca shi ne a warware waɗannan tambayoyi, a nuna yadda Hausawa da maƙwabtansu suka amsa su, sa'an nan a gwada amsar da muhawarar da ake yi a ƙasashen Turawa a wannan zamani.

Za a ɗauki unguwar Mando, a arewacin birnin Kaduna, a matsayin madubi. Dalili kuwa shi ne, a nan akwai babbar tashar mota, da sansanin alhazai, da barikin sojan sama, ga kuma makarantar horon hafsoshin soja a Afaka. Tun rikicin Shari'a na shekarar 2000 mazauna Kaduna suka rarrabu, Musulmi suka fi yawa a arewacin kogi, Kirista kuma a kudancinsa, amma aikin gwamnati da na soja da harkar mota ba su daina haɗa jama'a iri-iri a wannan yanki ba. Saboda haka a layi guda ana iya samun gida uku, kowanne da irin dokar da ta ɗaure aurensa.

2. AURE IRI UKU A ƘASA ƊAYA

Dokar Nijeriya ta yarda da aure iri uku. Na farko shi ne auren Musulunci, wanda ake ɗaurawa da waliyyi da shaidu da sadaki, ya kuma yarje wa namiji mata har huɗu. Na biyu shi ne auren gargajiya, watau wanda kowace ƙabila take ɗaurawa bisa al'adarta, galibi kuma ba ya ƙayyade yawan mata. Na uku shi ne auren rajista, wanda jama'a suke kira auren kotu, ko auren coci idan an ɗaura shi a majami'ar da take da lasisi. Wannan na uku na mace ɗaya ne tak. Asalinsa dokar da Turawan Ingila suka kafa a Ikko a 1884, aka shimfiɗa ta a kan Nijeriya duka a 1914, shekarar da aka haɗe Arewa da Kudu. Ma'anar auren da take ɗauke da ita kuwa ta fito ne daga wani hukunci da wata kotun Ingila ta yanke a 1866, wanda ya ce aure haɗuwa ce ta namiji ɗaya da mace ɗaya muddin rai, ba tare da wani na uku ba.

A nan ne ma'aikaci ya kamata ya buɗe ido. Wanda ya yi auren rajista, sa'an nan ya je ya ƙara aure bisa al'ada alhali na farkon bai mutu ba, dokar ta ce aure na biyun ba aure ba ne, har ma ta tanadi ɗaurin shekara 5. Da wuya a ji an ɗaure wani a kan wannan laifi. Sai dai illar takan ɓullo ne bayan mutuwar maigida, sa'ad da aka zo rabon gado, mace ta biyu ta tarar cewa a idon wannan doka ita ba matar aure ba ce, ko da ta shekara 20 tana girki a gidan.

3. ZAMAN KISHI A ƘASAR HAUSA

Auren mace fiye da ɗaya ya girmi zuwan Musulunci ƙasar Hausa. Abin da Musulunci ya yi shi ne ya sa masa iyaka da sharaɗi. Aya ta 3 ta Suratun Nisa'i ta tsayar da adadin a kan huɗu, ta kuma umurci wanda yake tsoron ba zai yi adalci ba ya tsaya a kan ɗaya. Aya ta 129 ta surar kuma ta nuna cewa daidaita mata a zuci ya fi ƙarfin ɗan Adam, don haka malaman mazhabar Malikiyya suka ɗora adalcin da ake nema a kan abin da ake iya aunawa, watau kwana da ci da sha da sutura da muhalli. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a cikin laifuffukan da ya lissafa na sarakunan zamaninsa, ya ambaci tara mata a gida ba iyaka. Duk da haka ajiye ƙwaraƙwarai ya ci gaba a gidajen sarauta da na attajirai bayan jihadin 1804, domin Shari'a ba ta lissafa baiwa cikin huɗun nan ba. Sai da aka soke bauta ɗungum a Nijeriya ta Arewa a 1936 wannan ƙofa ta fara rufewa.

Harshen Hausa kansa shaida ne a kan yadda al'amarin ya yi jijiya. Akwai uwargida da amarya, akwai mowa da bora. Akwai ranar girki, wadda a yawancin gidaje kwana biyu-biyu ce. Akwai kwanakin amarci, bakwai ga budurwa, uku ga bazawara. Akwai kayan faɗar kishiya, waɗanda miji yake saya wa uwargida don ya sanyaya mata zuciya kafin amarya ta tare. Kalmar kishiya kuwa daga kishi aka ciro ta, shi ya sa mai ladabi yakan kauce mata ya ce abokiyar zama. Karin magana ma ya rabu gida biyu. Maza suna cewa mai mace ɗaya ƙanin gwauro ne. Mata kuwa suna da tasu: ba kukana ba, uwar kishiya ta mutu. Wanda ya saurari ɓangare ɗaya kawai, rabin labari ya ji.

Game da yawa, binciken lafiya da yawan jama'a na Nijeriya na 2018 ya nuna cewa kashi 31 cikin 100 na matan aure suna da kishiya, alhali a binciken 1990 kashi 41 ne. Wata cibiyar bincike ta Amurka mai suna Pew ta bayyana a 2019 cewa kashi 28 cikin 100 na 'yan Nijeriya suna zaune a gidan da yake da mace fiye da ɗaya, kashi 40 a cikin Musulmi, kashi 8 a cikin Kirista. A Jamhuriyar Nijar kashi 29 ne, a duniya baki ɗaya kuwa kashi 2 kacal. Abu biyu suka fito fili a nan. Zaman kishi yana raguwa sannu a hankali, kuma ko a cikin Musulmi masu mace ɗaya sun fi yawa.

Wajibi ne a haɗa wannan da yawan saki, domin da shi ne lissafin yake daidaita. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta a ƙasar Zazzau aka buga a 1954, aure huɗu ta yi, na ƙarshensu auren takalmi, watau wanda miji ne yake zuwa gidan matar. Ke nan namiji yana tara mata a lokaci guda, mace kuwa tana iya yin maza da yawa ɗaya bayan ɗaya. Yawan zawarawa shi ya sa gwamnatin Jihar Kano, ta hannun Hukumar Hisba, ta fara auren gata a 2012, har a watan Oktoba na 2023 aka ɗaura wa mutum 3,600 aure, watau ango da amarya 1,800. A watan Fabrairu na 2017 kuma Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na II ya kawo shawarar a yi dokar da za ta hana wanda ba shi da hali ƙara aure, maganar da ta tayar da ƙura ƙwarai. A wancan gefen kuma akwai Muhammadu Bello Masaba na Bida, wanda a 2008 aka san shi da mata 86, malamai da masarauta suka nemi ya saki 82, aka tsare shi, daga baya kotu ta sake shi, ya rasu a Janairun 2017. Marubuta ma ba su yi shiru ba. Littafin Balaraba Ramat Yakubu, Alhaki Kuykuyo Ne, labari ne na uwargidan da miji ya kora da 'ya'yanta saboda sabuwar mace. Duk wannan gardama a kan adalci da iyaka take, domin halaccin abin kansa ba a cika jayayya da shi ba.

4. AUREN ZAGA

Kuskure ne a ɗauka cewa a Arewa namiji kaɗai al'ada ta taɓa bai wa damar haɗa aure fiye da ɗaya. A 1953 M. G. Smith ya buga bincikensa a kan Kadara da Kagoro, waɗanda suke cikin Jihar Kaduna ta yanzu, inda ya bayyana wani tsari da Hausawa suke kira auren zaga. A wannan tsari mace takan auri miji na biyu ba tare da auren farko ya mutu ba. Tana zama da ɗaya a lokaci guda, amma ƙofar komawa wurin na farkon a buɗe take, kuma akwai ƙa'idodi masu tsanani a kan gidan da ya halatta ta shiga da wanda bai halatta ba. An sami irin wannan a wurin Irigwe da Rukuba na ƙasar Jos, a wurin Irigwe kuwa hukuma ta soke shi a 1968. Shigowar Kiristanci da Musulunci da kotunan En'e su suka kawar da shi.

A ƙasar Ibo kuma akwai al'adar da mace mai dukiya, ko wadda ba ta haihu ba, take biyan sadakin wata mace don ta haifa wa gidan magada. Wannan aure ne na neman zuriya da tsare dukiya, ba na kwanciya ba, amma duk da haka Kotun Ƙoli ta ce a 1976 doka ba ta yarda da auren mace da mace ba. Darasin da yake cikin waɗannan misalai shi ne, abin da jama'a suke kira al'adar kaka da kakanni yakan sauya cikin rayuwar mutum ɗaya, kuma sau da yawa hannun hukuma ne yake sauya shi.

5. TAKARDAR OFIS DA GIDAN MUTUM

Majami'un Turawa sun zo da auren mace ɗaya a matsayin sharaɗin shiga addini. Taron manyan limaman Angilika na Lambeth na 1888 ya hana a yi wa mai mata da yawa baftisma, sai bayan shekara 100, a taron 1988, aka sassauta bisa roƙon limaman Afirka, da sharaɗin kada ya ƙara. Gwamnatin mulkin mallaka ba ta hana Musulmi aurensu ba, amma ta gina tsarin aikinta bisa siffar gidan Bature, miji da mata da 'ya'ya kaɗan. Wannan gado yana nan. Gidan bariki da na ma'aikata an zana shi ne don uwargida ɗaya. Inshorar lafiya ta ma'aikatan tarayya, wadda ta fara aiki a 2005, tana ɗaukar ma'aikaci da matarsa ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, sauran kuwa sai an ƙara kuɗi. To, mai mata uku da 'ya'ya goma sha biyu, sunan wa zai rubuta? Addini ya umurce shi da daidaitawa, takardar ofis kuwa ta tilasta masa zaɓe. Haka kuma layin nan na magaji da ake cikewa ranar kama aiki, suna ɗaya yake ɗauka, alhali a Shari'a matan mamaci duka tarayya suke yi a cikin tumuni idan akwai 'ya'ya, ko rubu'i idan babu. Rigingimu da yawa a kan haƙƙin mamaci daga wannan layi guda suke tasowa.

Ƙasashen Musulmi ma ba hanya ɗaya suka bi ba. Turkiyya ta hana ƙarin aure a 1926, Tunisiya a 1956, Maroko kuma a 2004 ta ce sai da izinin alƙali da sanin uwargida.

6. MUHAWARAR ƘASASHEN TURAWA

A Turai da Amurka auren mace ɗaya shi ne doka tun da daɗewa. Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da haka a 1879 a kan mabiya ɗariƙar Momon, har ɗariƙar ta bar auren mata da yawa a 1890. Saboda haka gardamarsu ta wannan zamani ta fara ne daga tambaya ta biyu, watau jinsin ma'aurata. Holan ce ta fara halatta auren jinsi ɗaya a 2001, Afirka ta Kudu a 2006, Amurka a 2015.

Abin da ba a cika sani ba a nan shi ne, masu wannan fafutika kansu ba bakinsu ɗaya ba. Wani ɓangare, irin su Andrew Sullivan da ya yi rubutu a kai tun 1989, sun nemi a shigar da su cikin aure yadda yake, mutum biyu, amana ɗaya, don a ɗauke su kamar kowa. Wani ɓangaren kuma, irin su Michael Warner a littafinsa na 1999, sun ce neman aure miƙa wuya ne, domin gwamnati za ta girmama masu takarda ta ƙasƙantar da duk wanda zamansa bai yi kama da na ma'aurata ba. Daga cikin wannan ra'ayi na biyu, da wasu makamantansa, aka sami masu kiran tsarinsu poliyamori, kalmar da aka ƙera wajen 1990 daga Girkanci da Latin, ma'anarta soyayya da mutum fiye da ɗaya bisa sani da yardar kowa. A 2020 garin Somerville na Jihar Masacusets ya fara yi wa irin wannan zama rajista. Tun a hukuncin 2015 Alƙalin Alƙalan Amurka John Roberts, wanda bai goyi bayan hukuncin ba, ya yi nuni da cewa hujjar da ta kawar da sharaɗin jinsi tana iya kawar da sharaɗin adadi.

Akwai masu gaggawar cewa ai wannan shi ne zaman kishi da Turawa suka zaga suka dawo gare shi. Bambancin kuwa a fili yake. A gidan Bahaushe namiji ne kaɗai yake da damar ƙari, akwai ɗaurin aure da sadaki da ciyarwa da idda da gado, an kuma san uban kowane ɗa. A wancan tsari mace da namiji dama ɗaya gare su, galibi babu ɗaurin aure, yarjejeniya ce kawai ta baki ko ta takarda. A ma'aunin Musulunci da na Kiristanci duka, kwanciya ba aure zina ce, ko da kowa ya yarda. Abin da ya haɗa tsarin biyu guda ne: dukansu suna kokawa da kishi da rabon lokaci, dukansu kuma suna ƙyamar ɓoye-ɓoye. A nan ne ya kamata a tuna da daduro, watau ajiye mace a wani gida ba aure, wanda yake faruwa a birane a cikin masu auren rajista da masu mata huɗu baki ɗaya, kuma babu wata doka da take kare macen ko 'ya'yanta yadda ya kamata.

7. 'YAN DAUDU DA DOKAR 2014

Ƙasar Hausa ta daɗe da sanin 'yan daudu, maza masu ɗabi'a da magana irin ta mata, waɗanda aka fi gani a tashoshin mota da kasuwanni suna sayar da abinci, da gidajen mata masu zaman kansu, da wuraren bori. Rudolf Gaudio, wanda ya yi bincike a Kano ya buga littafinsa a 2009, ya nuna cewa daudanci hali ne da sana'a, ba kowane ɗan daudu ne yake neman maza ba, ba kuma kowane mai neman maza ne ɗan daudu ba. Ya kuma nuna cewa da yawansu suna sallah, suna zuwa Makka, suna auren mata su haifi 'ya'ya, kuma ba auren junansu suke nema a gaban hukuma ba. Jama'a sun zauna da su tsakanin raha da raini, malamai kuwa ba su taɓa daina wa'azi a kan luwaɗi da maɗigo ba.

Dokokin gwamnati a kan wannan al'amari suna da tushe biyu. Kundin laifuffuka na Arewa da ya fara aiki a 1960 an kwaikwayo shi daga na Sudan, shi kuma daga na Indiya na 1860, ya tanadi ɗaurin shekara 14. Ingila da ta kawo wannan doka ta fara janye tata a 1967. Tushe na biyu shi ne dokokin Shari'a da jihohi 12 suka kafa daga shekarar 2000, da Zamfara a kan gaba. Sa'an nan a ranar 7 ga Janairu, 2014, Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi ɗaya: shekara 14 ga ma'auratan, shekara 10 ga wanda ya halarta, ko ya taimaka, ko ya shiga ƙungiyarsu. Abin lura, dokar ta fassara aure da cewa haɗuwa ce ta jinsi biyu mabambanta bisa dokar rajista, ko Shari'a, ko al'ada. Watau ta rufe tambayar jinsi, ta bar tambayar adadi a buɗe, akasin abin da Amurka ta yi bayan shekara ɗaya.

Mafi yawan 'yan Nijeriya, Musulmi da Kirista, sun goyi bayan dokar. Duk da haka mai nazari ba zai rufe ido daga abin da ya biyo baya ba. A watan Afrilu na 2017 an kama mutum 53 a Zariya bisa zargin halartar bikin auren maza biyu, suka musanta a gaban kotu. An yi irin wannan kame a Kano a 2022, da Gwambe a 2023. Wani binciken likitoci da aka yi a Abuja, aka buga a 2015, ya gano cewa bayan kafa dokar tsoron zuwa asibiti ya ƙaru a cikin maza masu neman maza. Tun da yake da yawansu suna da matan aure, cutar da ba a gwada ba, ba a kuma yi maganinta ba, a ɗakin uwargida take kwana. Bugu da ƙari, zargi kawai ya isa ya zubar da mutuncin mutum ko ya jawo masa dukan taron jama'a, alhali Shari'ar Musulunci ta tsananta sharaɗin shaida, ta hana bin diddigin asirin mutane, ta kuma tanadi bulala 80 ga mai ƙazafi.

8. KAMMALAWA

Daga abin da ya gabata, amsar tambayoyin nan uku ta bambanta daga wuri zuwa wuri. Game da adadi, dokar Nijeriya ta bar wa mutum zaɓi, amma zaɓin yana da ƙa'ida, wanda ya shiga ta ƙofar rajista ba shi da ikon fita ta ƙofar al'ada. Game da jinsi, addinan nan biyu da dokar ƙasa sun haɗu a kan magana ɗaya. Game da iko kuwa, malami da dattijo da gwamnati kowa yana riƙe da gefen igiyar, kuma inda suka saɓa, mata da yara ne suke faɗuwa a tsakani.

Saboda haka akwai aiki a gaban ma'aikata da ɗalibai. Takardun ofis na inshora da gidaje da haƙƙin mamaci suna bukatar a gyara su yadda za su ɗauki gidan mai mata fiye da ɗaya, tun da doka ta yarda da shi. Rajistar aure da saki a kotunan Shari'a da na gargajiya tana bukatar a ƙarfafa ta, don mace ta sami hujja a hannunta. Jami'in da aka kawo wa ƙara a kan zargi kuma, wajibinsa ne ya nemi shaida, ya hana jama'a ɗaukar doka a hannunsu, ya bar asibiti a buɗe ga kowa. Ɗaliban harshe da al'ada kuwa, kalmomi irin su zaga da takalmi da sa-ɗaka suna ɓacewa tare da tsofaffin da suka san ma'anarsu, ya kamata a je a rubuta su tun masu bayani suna da rai.